Hawainiya Ta Samu Turbo

Tun kafin motar ta shigo gareji Auta ta ji ta. Tana kwance ƙarƙashin wata akori-kura tana ɗaure noti, sai ga wani irin nishi daga bakin titi, kamar tsoho ya hau bene da kaya a ka. Ta ce a ranta, ko motar waye wannan, shaƙe ta ake yi.

Aka kashe inji. Takalma biyu masu sheƙi suka zo suka tsaya daidai ƙafafunta.

"Salamu alaikum. Maigida, don Allah in ka fito ina da magana."

Ta turo kanta waje a kan katakon da take kwance, ɗankwali ɗaure tamau, baƙin mai a kumatu, sifana a hannu. Saurayin ya ja da baya yana wuƙi-wuƙi da ido. Dogo ne, da tabarau, da garin alli a hannun riga.

"Maigidan ya fita. Ni 'yarsa ce. Me ke damunta?"

Sai da ya yi gyaran murya kafin magana ta fito. Malamin makaranta ne, makarantar kuma a kan tudu take. Kullum da safe motar nan in ta kama hawa sai ta riƙa jan ciki, ɗalibansa na wuce shi a kan kekuna suna gaishe shi da ladabin ƙarya. Har sun raɗa mata suna Hawainiya.

Auta ta ɗaga bonet, ta sa ya tayar, ta kasa kunne.

"Iska ce matsalarta."

Ya dafe ƙirji. "Iska? A'uzubillahi! Ni dai tun da na saye ta ban taɓa jin ta yi magana ba."

Dariya ta ƙwace mata har sai da ta dafa gefen mota. "Ba iskar da ake yi wa ruƙiyya ba, Malam. Iskar shaƙa. Inji sai ya shaƙi iska yake ƙona mai. Taka kuwa da hanci toshe take hawa tudun nan."

Ta zaro filtar iska ta nuna masa, baƙa ƙirin. Ta nuna masa bututun da ke kai iska cikin inji, siriri, ya lanƙwashe nan ya lanƙwashe can, ga shi yana zuƙo iskar daga inda zafi ya fi yawa. Malam yana gyaɗa kai kamar ya gane, alhali rabin hankalinsa na kan baƙin man da ke kumatunta. Ita ma ta lura da hakan, kuma abin mamaki ba ta ji haushi ba.

A ranar ta sa masa sabuwar filta da faffaɗan bututu mai ɗauko iska mai sanyi daga gaban mota. Ya karɓi lambarta, wai ko da wani abu zai taso.

Abu kuwa ya taso washegari, sai ga saƙonsa a wayarta.

"Salam. Hawainiya ta ce in gaishe ki. Yau keke ɗaya ne kawai ya wuce mu, shi ma yaron na san shi, ko aji ba ya iya shiga a hankali."

"Ina amsawa. Ka ce mata kada ta yi girman kai, hanci kawai muka buɗe mata."

"To mai Hawainiya fa? Shi ma tun jiya numfashinsa bai dawo daidai ba."

Ta karanta wannan, ta kife wayar a kan benci, ta koma aikinta. Sai dai duk notin da ta kama murmushi take yi masa.

Daga nan Malam ya zama ɗan gari a garejin. Yau zai zo ya ce ya ji wata ƙara, gobe ya ce ƙarar ta koma ɗaya gefen, in an tayar da mota kuma shiru kake ji. Baba, wanda ya yi shekara da shekaru yana sauraron injuna, ya fi kowa sanin ba mota ce ke ƙara ba. Ya sha mur kawai. Shi dai in za a bi ta tasa, Mai Shago ya fi kwanta masa a matsayin suruki, saurayin da ke sayar da kayan gyaran mota a shagon da ke manne da garejin, mai yawan turare da yawan kawo lemo mai sanyi.

Wata rana Malam ya tambaye ta, "Yanzu shi ke nan iyakar ƙarfinta?"

Idanun Auta suka kawo haske. Ta daɗe tana jiran wanda zai yi mata wannan tambaya.

"Akwai turbo. Ka ga hayaƙin da ke fita ta salansa? Asararsa ake yi. Turbo sai ya tare shi ya juya wata 'yar fanka, ita kuma ta juya 'yar'uwarta a ɗaya gefen, ta cusa wa inji iska da ƙarfi. Iska ta ƙaru, mai ya ƙaru, ƙarfi ya ƙaru. Injinka lafiyayye ne, zai ɗauka, in ba a zaƙe ba."

"Kin taɓa ɗaura wa wata?"

Ta yi ƙasa da kai. "Na taya Baba. Ni kaɗai dai ban taɓa ba."

"To ga Hawainiya. Ni na yarda da hannunki."

Ba ƙaramar fafatawa aka yi da Baba ba kafin ya amince. Daga ƙarshe ya nuna ta da sifana ya ce, "Sunana ne a bakin garejin nan. In aikin ya yi kyau, naki ne. In ya lalace, ki ajiye kayan aiki ki koma juye baƙin mai da wankin filta, sai ranar da na ce."

Ta ce ta ji ta yarda.

Makonnin da suka biyo baya Auta ba ta da zance sai turbo. Ta auna, ta yanka, ta yi walda. Ta zaunar da turbon a jikin inji, ta kafa abin sanyaya iska a gaban lagireto, ta ja bututun da zai kai wa turbon mai da wanda zai mayar da shi ƙasa, ta sake saita yadda inji zai riƙa shan mai. Malam kuwa ya koma hawa motar haya, in ya taso aiki ya zo ya riƙe mata tocila. Riƙon tocilar ma bai iya ba, kullum hasken a fuskarta yake ƙarewa.

"Malam, injin yana nan ƙasa."

"Afuwan. Hannun ne ba ya jin magana."

Ranar da aka tayar, duk garejin aka taru. Ta taka totur a hankali, sai ga wani siririn fito ya tashi daga ƙarƙashin bonet, mai daɗi, kamar na tsuntsu. Baba ya karkata kai ya saurara, ya ce, "Hm." A wurin Baba wannan yabo ne mai girma, Auta ta ji kamar ta taka rawa.

Ita ta ja motar zuwa tudun, Malam na gefe. Hawainiya ta kama hawa kamar an koro ta. Ɗaliban da ke saukowa suka tsaya baki buɗe, wani har ya saki keke. Malam ya leƙa ta taga yana ɗaga musu hannu, bakinsa har kunne.

A ƙofar makarantar ta tsaya, amma ba ta kashe ba. Ya miƙa hannu zai murɗa makulli, ta buge hannun.

"Kada ka kuskura! Wannan ita ce doka ɗaya da zan ba ka. Turbo in ya yi gudu jajir yake zama. In ka kashe inji nan take, mai ya daina zagayawa, wanda ke ciki ya ƙone, turbon ya lalace. Duk inda ka tsaya, ka bar ta a kunne ta huce tukuna."

"Wato dole mu jira."

"Dole."

Ya cire tabarau ya goge, ya mayar, ya sake cirewa. "To tunda dole ne, bari in faɗi abin da ya daɗe yana cin raina. Tun ranar da kika fito daga ƙarƙashin motar nan ban sake zama daidai ba. Ina son ki, Auta. Da aure nake son ki."

Ta ƙura wa sitiyari ido, kunya da farin ciki sun haɗu sun hana ta ɗagowa.

"Ba ki ce komai ba, Numfashina."

"Wa ya ba ka wannan suna?"

"Ke kika koya min. Kin ce sai da iska inji ke tafiya."

Ta murɗa makulli, inji ya yi shiru. Can ƙasa-ƙasa ta ce, "Ka je ka ga Baba."

Ganin Baba dai bai zo da sauƙi ba. Malam ya aika a nema masa izinin zuwa gaisuwa, Baba ya ce sai ya duba. Aka sake tuntuɓa, ya ce yana kan dubawa. Ana cikin wannan jan ƙafa, wata rana da hantsi sai ga Hawainiya ta shigo gareji tana zubar da shuɗin hayaƙi ta baya, har makwabta suna tari.

Baba ya buɗe bonet, ya shinshina, ya shafa bakin bututu ya ga mai. Mai Shago ya fito ya jingina da ƙofa, yana kallo kamar an buɗe masa talabijin.

"Turbo na zubar da mai," in ji Baba. "Abu biyu ne. Ko aikin bai yi ba, ko an kashe ta da zafi." Ya juya ga Malam. "Kai, ka kashe ta da zafi?"

Malam ya dubi Baba, ya dubi Auta.

"E, Baba. Laifina ne."

Baba ya rufe bonet da ƙarfi. "To ka ji. Mutumin da ba zai iya jiran ƙarfe ya huce ba, shi zan ba 'yata? In ranta ya ɓaci ya za ka yi da ita? Za mu gyara maka mota, amma wancan zancen ka bar shi."

Mai Shago ya girgiza kai cikin tausayin da bai kai zuci ba. "Ai malaman makaranta sai haƙuri, ƙararrawa ce ke tuƙa su."

Auta ta shige ciki ba ta ko kalli Malam ba. Takaici ya cika ta, ta ɗauki waya ta rubuta masa:

"Abu ɗaya na roƙe ka. Ɗaya tak. Ka san abin da aikin nan yake a wurina, ka san abin da kake a wurina, duk ka haɗa ka ƙona."

"Ki yi haƙuri, Numfashina."

"Kada ka sake kira na da sunan nan."

Kwana biyu ba ta taɓa motar ba, ko inda take ba ta son kallo. Mai Shago ya ƙara yawan lemo da yawan turare, ita kuwa ko ɗaga kai ba ta yi. Da ta gaji da fushi ta ɗauki sifana ta sauke turbon, ta baje shi a kan benci.

Ta san abin da za ta gani: ƙarfe ya yi shuɗi saboda zafi, mai ya daskare ya zama gawayi. Sai ta tarar da komai fes, yana sheƙi kamar jiya aka sa shi. Ta juya shi, ta sake juyawa. Sannan ta sunkuya ta bi bututun da ke mayar da mai ƙasa. A nan ta gani. Wajen kauce wa wani ƙarfe ta lanƙwasa shi, lanƙwasar ta ɗan yi sama maimakon ta gangara. Mai ya rasa hanyar sauka, ya taru, ya ɓalle ta inda bai kamata ba.

Ta goge hannu ta kira shi a waya.

"Malam, tsakaninka da Allah, ka taɓa kashe ta da zafi?"

Ya fara kame-kame, ta katse shi.

"Ko sau ɗaya?"

Ya sauke ajiyar zuciya. "Ko sau ɗaya. Har shugaban makaranta ya taɓa ƙwanƙwasa min gilashi, ya zaci barci ya ɗauke ni."

"To me ya sa ka ce kai ne?"

"Baba ya ce abu biyu ne. Na san ba na biyun ba ne. Na kuma ga fuskarki lokacin da ya buɗe bonet. Ni motata ce kawai ta yi hayaƙi, ke kuwa sifanarki za a karɓe."

Hawaye suka zubo mata. "Sai ka yarda a raba mu?"

"Na ce ko Baba zai huce wata rana. Jira kuwa, ai kin koya min. Ki gyara bututun ki yi shiru, ba wanda zai sani."

"Ni na sani," ta ce. Ta share ido da bayan hannu, ta ƙara wa fuskarta baƙin mai. "Kuma sunan nan da na hana ka, na janye."

Da la'asar ta sami Baba a falo yana sauraron rediyo, Mama na gefe tana ninke wanki. Ta shimfiɗa tsohuwar jarida a kan tebur, ta ɗora bututun da turbon.

"Ke, kada ki ɓata min tebur," in ji Mama.

"Baba, ka duba. Bai kashe ta da zafi ba. Ni ce na lanƙwasa bututun ba daidai ba. Don kada ka hana ni aiki ya ɗauki laifin."

Baba ya kashe rediyo. Ya ɗaga bututun ya hango shi ta haske, ya murza turbon da yatsa. Auta na durƙushe tana jira.

"Wato ƙarya ya yi min. Ido cikin ido, a cikin garejina." Ya ajiye bututun. "To, da don gaggawa na hana shi. Yanzu don ƙarya na hana shi."

Mama ta ajiye rigar da ke hannunta ta tuntsire da dariya.

"Maigida, gobe kuma me za ka ce? Takalminsa ya cika sheƙi? Yaro ya zubar da girmansa a gaban jama'a don ya rufa wa 'yarka asiri, ka ce shi ne laifinsa. Ka fito fili ka faɗi gaskiya, tsoro kake ya ɗauke maka ita daga gareji. Mai Shagon da kake ta yabo, me ka sani a kansa ban da cewa bango ɗaya ne tsakaninku?"

Baba ya kawar da kai wajen taga.

"Maza na haifa kafin ita," ya ce a hankali. "Kowa ya girma ya tsere wa baƙin mai, wannan ofis, wancan ofis. Ita kaɗai ce in ina ƙarƙashin mota na miƙo hannu, kafin in faɗi lambar sifana ta sa min a tafi. In ta tafi, da wa zan yi magana a wurin nan?"

Auta ba ta taɓa jin muryar mahaifinta ta karye haka ba. Tausayinsa da ƙaunarsa suka rufe ta. Ta matsa ta kama hannunsa mai kaushi.

"Baba, wa ya ce maka zan bari?"

Washegari aka kira Malam. Ya zo ya durƙusa a bakin ƙofar falo, gumi na tsattsafo masa.

"Kai ne maƙaryacin?"

"Ni ne, Baba. Na yi kuskure, a yafe min."

"Kada ka sake, ko don ita. In ta yi ba daidai ba a aiki, gaya mata shi ne ƙauna." Baba ya gyara zama. "In na ba ka ita, aikinta fa?"

"Baba, da sifana a hannu na gan ta na so ta, ban san wata Auta ba sai wannan. Gidan da nake nema ma a bayan layinku yake. Kullum da safe zan sauke ta a gareji kafin in wuce makaranta."

Baba ya dube shi ta saman ido, ya dubi Mama da ke ƙunshe dariya, ya ja dogon numfashi.

"Ka turo manyanka." Ya juya ga Auta. "Ke kuma, ke kika lanƙwasa bututun nan, ke za ki miƙe shi. Ba zan sa miki hannu ba."

Ta gane abin da yake nufi, ba a karɓe mata kayan aiki ba. Ta rufe fuska da gyale tana kuka tana dariya.

Saƙon da ya shigo mata da yamma gajere ne: "Numfashina, gobe ko da ƙafa ne sai na riga kowane keke hawa tudun nan."

Biki ya yi biki. Gwaggonni suka taru a kan faratan amarya da sabulu da buroshi suna mita, baƙin mai ya ce yana nan daram. Yayyenta maza suka zo daga ofisoshinsu, abokan aikin ango suka cika layi. Mai Shago ya zo fuska a ɗaure, ya ci ya sha, kafin a tashi an gan shi yana rawa fiye da kowa.

Da lokacin tafiya ya yi, aka kawo amarya gaban iyayenta. Mama ta yi nata nasihar tana share hawaye. Baba ya ɗora hannu a kanta, falon ya yi tsit, kowa na jiran manyan kalmomi. Ya yi gyaran murya.

"Auta... yaushe za ki dawo aiki?"

"Haba Maigida!" in ji Mama. Falon ya kaure da dariya, har ango sai da ya cire tabarau yana goge ido.

Daga cikin lulluɓi Auta ta ce, "Kafin ka yi kewata, Baba."

"Ai na riga na fara," ya ce, hawaye na bin gemunsa, bai kuma damu ya ɓoye ba. Ya kamo hannun Malam ya haɗa da nata. "Ga ta nan, ka riƙe min ita da kyau. Allah ya yi muku albarka, ya sanyaya zukatanku ga juna, ya ba ku zuri'a mai albarka. Ku tashi ku je, na yafe muku duniya da lahira."

Gidan gaba ɗaya ya amsa da amin.